Wa ya san dabarar tambur ɗin dawowa daga Faransa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Damagaram nake, unguwar Birni. Ƙanena ya nace sai ya samu sa hannun wani ɗan ƙwallo da ke wasa a Faransa. Na wanko hoton, na rubuta wasiƙa da Faransanci, har na naɗe ambulan na biyu mai adireshin akwatin gidan waya na kawunmu, tunda nan ba a kai wa mutum wasiƙa ƙofar gida.

Inda na cije shi ne kuɗin dawowa. Tambur ɗinmu na Nijar ba ya aiki idan daga can za a jefo wasiƙar, dole sai nasu. Akwai takardar nan da ake kira kupon-repons ta Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda ake musanyawa da tambur na wasiƙar jirgin sama mai giram 20. To amma wane ɗan ƙwallo ne zai je ya bi layi dominmu? Sefa kuwa ba ta da amfani gare shi, kuma ina tsoron cusa kuɗi cikin ambulan.

Don Allah wanda ya taɓa yi, ta ina ya samo tambur ɗin Faransa? Ko in ba wani mai tafiya ya jefa mini daga can? Yaron nan kullum sai ya tambaye ni.