Shehu Laminu na Kukawa: ya ceci sarautar Borno ne ko ya karɓe ta?

Malam Yusufu, Birni:
Assalamu alaikum. Ina so mu tattauna a kan Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda aka fi sani da Shehu Laminu, domin mu mutanen Damagaram muna da ruwa da tsaki a tarihinsa, tun da sarakunanmu sun daɗe suna aika gaisuwa Kukawa, garin da ya kafa a 1814. Da'awata ita ce, mutumin nan karɓe sarautar Borno ya yi sannu a hankali, ko da yake ana kiransa mai ceton ta. A 1808 mayaƙan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a ƙarƙashin Gwani Muktar suka ci Birnin Gazargamu, babban birnin Borno, Mai Ahmadu, wato sarkin Borno, ya bar wa ɗansa Dunama sarauta, Dunama kuma ya nemi taimakon wannan malami da ke zaune a Ngala. An ƙwato birnin, Gwani Muktar ya rasa ransa. Amma daga nan aka ba Shehu ƙasa a Ngurno, ya tara Kanembu da Larabawan Shuwa a bayansa, har ya zama shi ne ya mayar da Dunama kan karaga bayan fadawa sun tuɓe shi, kuma da Dunama ya mutu a 1820 shi ne ya naɗa ƙanensa Ibrahim. Wanda yake naɗa sarki da hannunsa, ai shi ne sarki.

Hajiya Mariyama, Zango:
Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, ka lissafa abin da ya samu, amma ka tsallake abin da ya tsaya a kai. Kafin a san shi da doki da mashi, an san shi da allo da tawada. A Murzuk aka haife shi, cikin Fezzan, ya yi karatu mai zurfi, ya yi aikin hajji, kuma babban makamin da ya fara ɗauka a kan masu jihadi wasiƙa ce. Ya rubuta wa Sakkwato yana tambaya da wace hujja ake yaƙar mutanen Borno ana bautar da 'ya'yansu, alhali suna salla, suna azumi, suna ba da zakka, masallatansu kuma a cike suke. Ya yarda akwai cin hanci da zaluntar marayu da matan da ke fita ba lulluɓi, amma ya ce waɗannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga Musulunci, in ba haka ba da sai a kafirta Masar da Sham, domin can ma ba a rasa bidi'a ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, Muhammadu Bello da kansa ya adana waɗannan wasiƙu cikin littafinsa Infaƙul Maisur, wato abokin gabarsa ma ya ga maganar ta isa a amsa ta da ilimi. Mu da muke zaune tsakanin Hausa da Borno, muna auratayya da juna, bai kamata mu raina mutumin da ya ce kada a yi gaggawar kafirta Musulmi ba.

Alhaji Mamman, Sabon Gari:
Hajiya, ban musanta iliminsa ba, sai dai Bello bai yi shiru ba. Amsarsa ita ce Borno ta goyi bayan sarakunan Hausa da ke yaƙar jama'ar Shehu Usmanu, kuma wanda ya taimaki maƙiyin Musulmi a kan Musulmi hukuncinsu ɗaya. Sa'an nan shi Shehu Laminun da ya ce jinin Musulmi haramun ne, shi ne ya ja runduna ya doshi Kano wajen 1826 zuwa 1827, sai da Yakubun Bauchi ya tare shi ya koma gida. Mutanen ƙauyukan da rundunar ta ratsa, su ba masu salla ba ne?

Hajiya Mariyama, Zango:
Alhaji, wannan tambaya tana da nauyi, kuma ba zan wanke wannan tafiya ta Kano ba. Abin da nake cewa shi ne, hujjar da ya rubuta tana nan daram ko da shi mai ita ya saɓa mata daga baya.

Abdu, ɗalibin tarihi:
Iyayena, ku yi mini izini in sa baki. Ina ganin ana raba malantarsa da jarumtarsa kamar mutum biyu ne, alhali mutanen zamaninsa ba su raba ba. Ruwayar baka ta Borno tana cewa kafin yaƙin ƙwato Gazargamu ya shiga halwa, ya yi rubutu a jikin ƙwarya, aka fasa ta a gaban mayaƙa, sa'an nan suka tashi. Ko mutum ya gaskata wannan ko bai gaskata ba, rundunar da ta riga ta karaya tana bukatar wanda za ta yarda Allah yana tare da shi, Mai kuwa ya rasa wannan yarda tun ranar da aka kore shi daga birninsa. Haka kuma a Ngala a 1824, da daular Bagarmi ta kawo yaƙi, shi ya tsaya a gaban runduna har aka yi nasara, lokacin Baturen Ingila Denham yana ƙasar. Kuma har ya rasu a 1837 bai taɓa kiran kansa Mai ba, Shehu ya tsaya a kai.

Malam Yusufu, Birni:
Ɗana Abdu, barin suna ba barin mulki ba ne. Kukawa ce ke riƙe da dawaki da haraji da shari'a, Mai Ibrahim kuwa an bar masa rawani da fadawa kawai. Ƙarshen labarin ma ya biyo ta ƙofarmu: a 1846, sa'ad da rundunar Borno ta taho nan Damagaram saboda rikici da sarkinmu, daular Wadai ta afka wa Borno bisa gayyatar mutanen Mai, Shehu Umaru ɗan Laminu kuma ya kashe Mai Ibrahim, gidan sarautar Mai, wato Saifawa, da ya yi ɗaruruwan shekaru yana mulki ya ƙare. Umaru ya yanke igiyar, amma ubansa ne ya riga ya sassaƙe ta.

Hajiya Mariyama, Zango:
Malam, ka ɗora wa uba aikin da ɗa ya yi shekara tara bayan an binne shi. Kuma kada mu manta Dunama ya mutu ne cikin makircin da ya ƙulla da Bagarmi don a kawar da Shehu, amma duk da haka Shehu bai shafe gidan ba, ya ɗauko ƙanen mamacin ya naɗa. Mai kwaɗayin karaga ba ya samun dama irin wannan ya bar ta. In kana da hujjar da ta nuna ya shirya abin da ya faru a 1846 tun yana raye, ka kawo mana ita mu duba.