Ƙanina ya karye a diddige, wane irin aikin tiyata za mu nema?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Ƙanina kafinta ne, shekaranjiya ya zamo daga kan wani bene da suke buga wa kwano, ya dira a tsaye. Hoto ya nuna ƙashin diddigensa na dama ya fashe, ƙafar ta kumbura suntum. Likita ya ce mai yiwuwa sai an yi aiki, wai akwai na ƙaramin yanka da na babba. Su Baba kuma sun dage sai wurin mai ɗori.

Alhaji Sani Mai Taya: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Tunda a Kano kuke, ku wuce Asibitin Ƙashi na Dala, ko na Malam Aminu Kano. Ku yi sammako saboda layin kati.

Sista Hauwa: Amin. Maman Ilham, an duba bayansa kuwa? Wanda ya dira a tsaye, bugun kan bi ƙafa ya haura har gadon baya. Kusan ɗaya cikin goma na masu irin wannan karaya ana samun su da wata a ƙashin baya, sai zafin diddigen ya hana su lura. A duba ɗaya ƙafar ma.

Maman Ilham: Ya ce ƙugunsa na masa ciwo, mun ɗauka buguwa ce kawai.

Sista Hauwa: To ya daina yawan tashi zaune har sai an ɗauki hoton wurin.

Malam Ɗanjuma: Ni dai ban ga laifin su Baba ba. Kakanninmu da ɗori suka warke. Ɗana ya karye a hannu, mai ɗori ya gyara shi tsaf.

Dakta Bashir: Malam, hannu daban, diddige daban. Dogon ƙashi in ya rabu biyu ana iya ja a daidaita. Shi kuwa na diddige kamar ƙwai yake, waje tauri, ciki laushi. In ya fashe sai ya baje ya yi faɗi, samansa da ke ɗauke da gaɓa ya nutse ciki. Kusan kashi 75 cikin 100 na wannan karaya har cikin gaɓar take shiga. Ba yadda za a yi karan ɗori ya ɗago abin da ya nutse, matse kumburarriyar ƙafa kuma yana iya kashe fata.

Hajiya, abu na farko shi ne hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin ƙashi yanki-yanki, don shi ke nuna gida nawa gaɓar ta rabu. Da shi muke raba karayar kashi huɗu, bisa tsarin Sanders. Ta ɗaya ba ta goce ba, ba ta buƙatar wuƙa. Ta biyu da wasu daga cikin ta uku su ne suka fi dacewa da ƙaramin yanka. Ta huɗu ta rugurguje, wani lokaci ma sai dai a haɗe gaɓar gaba ɗaya.

Babban yanka shi ne wanda aka daɗe ana yi. Ana tsagawa a gefen diddige na waje, siffar harafin L, a ɗage fatar duka, likita ya ga komai fili, ya sa ƙarfe. Illarsa, fatar wurin siririya ce kuma jini bai wadace ta ba, har a wasu rahotanni kusan ɗaya cikin huɗu ɗinkinsu kan ba da matsala. Shi ya sa ake jira kumburi ya saɓe, sai an ga fata ta fara tamoji.

Ƙaramin kuwa tsaga ce ta santimita 3 zuwa 5, daf da ƙasan idon sawu na waje. Ta nan ake ɗago ƙashin da ya nutse, a zura sukurori ta ƙananan huda, ana kallon komai a na'urar hoto ta ɗakin tiyata, wadda ake kira C-arm. Ɗinkin ya fi saurin warkewa. Amma yana da lokaci: an fi son a yi shi cikin sati biyun farko. In ƙashi ya fara kamewa a karkace, 'yar ƙaramar ƙofa ba ta isa a motsa shi. Don haka duk kwanan da aka ɓata ana gardama a gida, daga cikin wannan lokacin ake cirewa.

Baban Sadik: Dakta ya gama magana. Ni babban aka yi min bayan haɗarin mota. Ƙashi ya kama lafiya, amma kusurwar ɗinkin ta buɗe, aka yi ta wankin ciwo har na haddace sunayen duk ma'aikatan ɗakin. Ga ciwon suga, shi ya ƙara jan abin. Ki tambayi likitan kai tsaye: wanne ya fi yi da hannunsa, kuma C-arm ɗinsu tana aiki? Gara babban yanka a hannun wanda ya saba, a kan ƙarami a hannun ɗan koyo.

Usman Injiniya: Dakta, na karanta cewa an yi wani gwaji a Birtaniya, aka wallafa a 2014, mutum 151, kuma bayan shekara biyu ba a ga bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa aiki da waɗanda ba a yi wa ba. To mene ne na wahala?

Dakta Bashir: Haka ne. Sai dai babban yanka aka yi a wancan gwaji, kuma ba a sa waɗanda diddigensu ya lauye sosai a ciki ba. Abin da ya nuna shi ne ba kowace karaya ake yanka ba. Kafinta mai hawa rufi da taka wuri marar daidai, in gaɓarsa ta goce, ni zan karkata ga aiki. Amma sai an ga hoton. Yana shan taba?

Maman Ilham: Yana ɗan taɓawa. Kada dai zancen ya kai kunnen Baba.

Dakta Bashir: Ya ajiye ta daga yau. Taba na tsuke jijiyoyin jini, tana cikin manyan abubuwan da ke hana ɗinkin diddige warkewa.

Aisha Fisiyo: Ku kuma shirya wa bayan aiki. Ƙanƙantar yanka ba ta sa ƙashi saurin haɗewa. Zai yi sati shida zuwa goma sha biyu bai taka ƙafar ba, sai da sanduna, amma motsa idon sawu da wuri ake farawa don kada gaɓa ta sandare. Komawa kan rufi kuwa sai an yi watanni. Ku fara tunanin wanda zai riƙe masa cefane, don rashin abin sawa a tukunya ne ke sa su taka ƙafa tun lokaci bai yi ba.

Sista Hauwa: Kafin ku je, a ɗora ƙafar kan filo ta ɗara ƙirjinsa tsayi, kada a shafa man zafi, in bororo ya fito kada a fasa. Ki leƙa bayan diddigen yanzu, wajen agara. In kin ga fatar ta miƙe tana sheƙi, ta yi fari ko ta fara duhu, gutsuren ƙashi ne ke tokarinta daga ciki. Wannan ba ya jiran safiya, ku tafi ɗakin gaggawa a daren nan.