Fom ɗin gasa: aikin 'yata kimiyya ne ko fasaha?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan gida. 'Yata tana SS1, kulob ɗin JETS na makarantarsu, wato ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere, za su yi gasa, an ba su fom su mayar ranar Litinin kuma dole a zaɓi rukuni ɗaya, kimiyya ko fasaha. Ita tukunya cikin tukunya take son yi, wadda ake zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani don tumatir ya daɗe bai ruɓe ba. Malaminsu ya ce kimiyya ce, babanta ya ce fasaha ce tunda haɗawa za ta yi. Abin da na ware bai wuce 10,000 ba. Wanne za mu cike?

Abban Sadiq: Hajiya ki bar zancen tukunya, a samo mata ƙaramar sola da fanka da ƙwan fitila, ki je Panteka akwai yara masu haɗawa, 35,000 ta isa.

Maman Ilham: Alhaji 10,000 fa na ce.

Malamin Fiziks: Wa alaikumus salam. Da malamin da baban duk suna iya yin daidai, ya danganta da abin da yarinyar za ta yi da tukunyar. In tambaya ta ɗauko, misali yashin kogi da ɓurɓushin gawayi wanne ya fi sanyaya ciki, ta faɗi hasashenta tun farko, ta sa tukwane iri ɗaya, ruwa daidai, abu ɗaya kawai ta canza, tana auna zafi safe da rana da yamma tana rubutawa, ta kuma bar wani tumatir a waje don kwatanci, to kimiyya ce, ko da hasashen bai fito daidai ba ta samu sakamako. In kuwa matsala ta ɗauko, mai tumatir na asara, ta ce zan haɗa abin da bai wuce kuɗi kaza ba, zai ci tumatir kaza, ta gwada, ta ga inda ya gaza ta gyara ta sake gwadawa, fasaha ce. Marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa da ya ci kyautar Rolex a 2000 da wannan tukunyar, ai an daɗe da sanin cewa in ruwa na bushewa yana tafiya da zafi, shi ya mai da sanin ya zama abin amfanin manoma.

Baban Hassan: Malam duk wannan bayanin a takarda yake aiki. Nawa yaron abin da ka faɗa shi ya yi tsaf, ƙwallon zogale ya daka yana gwada yadda yake kwantar da dattin ruwa, da kaina na kai shi bakin kogin Kaduna muka ɗebo ruwa ja wur, ya jera kwalabe, wata cokali ɗaya wata biyu wata ba komai, ya cika littafi da rubutu har da zane. Ranar gasa alƙalai ko littafin ba su buɗe ba, ɗaya ya ce ina abin da ka ƙera? Yaro ya ce gwaji ne, suka wuce. Wanda ya ci gidan kwali ne mai fitilu da get mai buɗe kansa, kuma wallahi da aka tambayi yarinyar da ta kawo shi me ya sa aka sa batir biyu shiru ta yi, kowa a wajen ya san ba hannunta ba ne. Yarona bai ci abincin dare ba, har yau in ka ce masa gasa sai ya tashi ya bar maka ɗakin.

Ummu Khairat: Allah sarki, Allah ya huci zuciyarsa. Amma a wane rukuni kuka sa shi?

Baban Hassan: Rukuni? Duka a zaure ɗaya aka jibge su, takardar maki ɗaya. Shi ya sa nake ce wa Hajiya ta cike fasaha ta huta, a garin nan abin da ke ƙyalli shi ke ci.

Ɗan Rigasa: Ni nawa gwajin na wata-wata ne, ko albashi zai kai 15 ga wata. Hasashe: ba zai kai ba. Sakamako: bai taɓa ba ni kunya ba 😂

Ummu Khairat: Ma'aunin zafi 2,500 na saya a kemis, tukwane biyu ba su kai 3,000 ba, kuɗinki zai isa.

Injiniya Kawo: Yaushe rabonki da kasuwa Hajiya? Na kemis na jikin mutum ne, daga wajen 35 zuwa 42 yake karantawa, cikin tukunya bai kai nan ba. Na ɗakin gwaji za a nema, ni 7,000 aka ce min a Kasuwar Gumi. Sannan yanzu damina ce, iska cike take da laima, ruwan ba zai bushe da sauri ba balle ya sanyaya, abin nan sai da hunturu ko bazara yake nuna kansa. Ni dai fasaha na ce, a Kadpoly na yi karatu, na san abin da ake kira ƙira.

Malamin Fiziks: Injiniya ka kawo hujjar kimiyya da bakinka, laima da sanyi ai tambaya ce mai kyau da za ta iya aunawa. Kuma mu ke zama da yaran nan a aji.

Injiniya Kawo: Ku ke zama da su, shi ya sa suke gamawa ba su iya ɗaura soket ba.

Maman Ilham: Don Allah ku yi haƙuri, har yanzu fom ɗin na hannuna fa.

Baban Hassan: Ai Injiniya ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Duk zango sai an karɓi kuɗin firaktikal, ni 5,000 nake biya, amma yaro ya ce ɗakin gwajin a kulle yake, sai jarrabawar WAEC ta matso ake share ƙura.

Ummu Khairat: Mu 12,000 ne, wai har da na kwamfuta, kuma su huɗu ke zama kan guda ɗaya in an kawo wuta.

Malamin Fiziks: Kar ku ɗora mana, kuɗin ba hannun malami yake zuwa ba, da zoɓo da kanwa da lemon tsami nake nuna musu asid da kishiyarsa, daga aljihuna.

Ɗan Rigasa: Malam in an gama gwajin wa ke shanye zoɓon?

Abban Sadiq: Wai akwai wanda ya taɓa ganin rasit na kuɗin firaktikal ɗin nan? Mu a taron PTA na tambaya aka ce a bari sai zama na gaba.