Muhawara: magneto ya zama tsohon yayi ne a jirgin haɗin gida?

Mai Haɗi: Assalamu alaikum. Gangar jirgin da nake haɗawa, Zenith CH 750 mai kujera biyu, ta kusa kammaluwa, saura inji. Ina tsakanin Rotax 912 ULS da Continental O-200, kowanne ƙarfin doki 100. Ra'ayina dai, duk wanda ya ɗaura magneto, wato tsohuwar na'urar da ke ba fulogin inji wuta, a sabon jirgi yau tsoro ne ya sa shi. Motoci sun bar wannan tsarin tun da daɗewa.

Kyaftin: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, in wutar mota ta ɗauke, gefen titi za ka gangara. A sama ina gefen titin yake? Magneto da kansa yake haifar da wutarsa, kamar ƙaramin janareton da ake ja da igiya, ba ruwansa da batir. Shi ya sa ake sa guda biyu, kowace silinda da fulogi biyu. Altaneta ta mutu, batir ya ƙare, rediyo ya yi shiru, inji na nan yana aiki. Kafin kowane tashi muna kashe ɗaya mu saurari ɗayan. A injin Lycoming, in juyin ya faɗi fiye da 175 a minti, ko tazarar da ke tsakanin biyun ta haura 50, babu tashi ranar.

Oga Bakanike: Kyaftin, ranka ya daɗe, ni da nake buɗe su ina da magana. A cikin magneto akwai abubuwan da ke gogar juna suna cinyewa, kuma duk awa 500 sai an sauke shi an duba. Taimin ɗinsa a kafe yake wuri ɗaya, a yawancin injin Lycoming O-320 digiri 25, ko kana hawa ko kana tafiya a miƙe. Na lantarki yana matsar da taimin gwargwadon aikin inji, wutarsa ta fi ƙarfi, inji ya fi saurin kamawa, mai ya fi auki.

Kyaftin: Ban musa ba, Oga. Me ke ba shi wuta?

Oga Bakanike: Ya danganta. A cikin na lantarkin da ake sayarwa, Lightspeed da SureFly daga batir suke sha. P-Mag kuwa yana da ɗan janareto a cikinsa, da zarar inji ya ɗauki gudu ya daina dogaro da batir.

Injiniya: Ku bari in shigo nan, domin Mai Haɗi ya cakuɗa tambaya biyu. In ka ɗauki 912 ULS, rigimar nan ba ta shafe ka ba. Wutarsa ta lantarki ce, layi biyu, kuma kowanne daga koyil ɗinsa na cikin injin yake samun ƙarfi. Abin da Kyaftin ke nema da abin da Oga ke yabo duk suna ciki. A O-200 ne za ka zauna zaɓe. Da ni ne, magneto ɗaya zan bari, ɗayan gefen in sa na lantarki, don kada cuta ɗaya ta kashe su tare.

Abin da ya fi damuna mai ne. Avgas 100LL, wato man jirgin sama mai dalma, wahalar samu gare shi a ƙasar nan, ga tsada. Rotax ya fi son fetur mara dalma, amma ULS sai mai oktan 95 zuwa sama. Ƙaraminsa, 912 UL mai doki 80, shi ne ke karɓar 90. Wa zai ba ka tabbacin abin da ke cikin famfon gidan man unguwarku? Fetur mai rauni a zafin watan Afrilu, inji na kan cikakken ƙarfi, bugun da zai yi a ciki yana iya huda fistin kafin ka ji alamar komai.

Mai Haɗi: To in kuɗi ne matsala, Malam, me zai hana injin Volkswagen? AeroVee, wanda aka gina daga injin Volkswagen, na ba da doki 80.

Injiniya: Yana tashi da jirage masu santsin jiki irin Sonex. Naka an yi shi ne don gajeren fili, yana son babbar farfela mai juyi a hankali. Rotax na kai 5,800 a minti amma giyarsa na raba juyin da 2.43 kafin ya kai ga farfela, shi kuwa AeroVee kai tsaye yake juya ƙaramar farfela. Ƙara da cewa kan injin Volkswagen ba ya jure zafi in ana hawa a hankali.

Kyaftin: Kuma ku tuna Air Beetle da aka haɗa a Kaduna wa sojan sama, guda 60 daga tsarin jirgin haɗin gida RV-6A. Sunan Beetle ne kamar motar Volkswagen, amma Lycoming mai doki 180 aka sa masa, da shi aka koyar da ɗalibai tuƙi.

Mai Haɗi: Na janye kalmar tsoro, Yaya Kyaftin, a yi haƙuri. Amma ban koma wa magneto biyu ba. Zuciyata na kan Rotax. Malam Injiniya, da mutum biyu da cikakken tanki, 912 UL mai doki 80 zai ɗaga ni daga filin Jos da rana tsaka?

Injiniya: Jos ta haura mita 1,200, ga zafi a kai, inji zai rasa wani kaso mai yawa na ƙarfinsa. Auna jirgin babu kowa a ciki, ka turo mini nauyin da na mutum biyun, mu yi lissafi kafin ka biya ko sisi.