Yadda ake fitar da matsalar bincike a kan noman masakwa

Ɗaliba daga Marwa:
Assalamu alaikum malamai. Ina shirin rubuta kundin digiri na biyu a kan noman masakwa, wato dawar rani, a yankin Diyamare da ke arewacin Kamaru, amma mai duba aikina ya ce abin da na kawo masa maudu'i ne kawai, bai ga matsalar bincike a ciki ba. Don Allah ta yaya zan fitar da matsalar, sannan in gina tambayoyi a kanta?

Malamin gona:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Matsala tana fitowa ne daga giɓin da ke tsakanin abin da aka riga aka rubuta da abin da kike gani a fili. Sanannen abu ne cewa ana dasa masakwa a ƙasar karal, wato ƙasa mai laka, bayan ɗaukewar ruwa, ta rayu da danshin da laka ta riƙe har lokacin girbi. Wannan ba ya bukatar sabon bincike. Amma idan kin lura manoma suna barin yankan ciyawa da hannu suna komawa maganin feshi, kuma ba ki sami wanda ya bayyana abin da hakan ya yi wa 'yan ƙwadago ba, to ga matsalarki nan.

Mazaunin Garwa:
Malam ya yi daidai. Ki taƙaita a ƙauyuka biyu ko uku, kuma ki guji tambayar da amsarta eh ce ko a'a. Kafin ki ce akwai giɓi, ki duba rahotannin cibiyar binciken aikin gona ta IRAD da ke Marwa da kundayen Jami'ar Ngaundere, domin akasarinsu da Faransanci suke kuma ba duka ke intanet ba.