Terwar: me za mu kira ta da Hausa?

Jama'a, ina neman taimakonku kan wata kalmar Faransanci, terwar, wadda suke rubutawa terroir. Na ci karo da ita ina fassara wani bayani kan manoman inabi na yankin Shamfen a arewa maso gabashin Faransa, inda ake yin giyar inabi mai kumfa. Ba tallan giya nake ba, noman da kalmar ne suka dame ni.

Ga abin da suke nufi. A kudancin garin Epernay ƙasar alli ce fara fat a ƙarƙashin gonakin. Allin nan yana shan ruwan sama ya riƙe, idan fari ya zo ya riƙa sakar wa saiwa kaɗan-kaɗan. Ga sanyi, don haka inabin yana nuna a hankali, tsaminsa bai gudu ba, kuma tsamin nan ake nema. Nan aka fi shuka irin Chardonnay. Da ka gangara kwarin kogin Marne, inda laka ta fi yawa, sai ka tarar irin inabin Meunier ne ya yi sarauta. Har rumbunan ajiyarsu a cikin allin aka haƙa, can kwalba take kwana aƙalla wata 15 kafin a sayar. Tun 1927 doka ta shata iyakar yankin, kusan hekta 34,000, kuma mafi yawan gonakin na iyalai ne, ɗa ya gaji uba, ya san wane gangare ne ke fara shan hantsi, wane lungu ne sanyi ke ƙona wa toho.

Terwar ta haɗa duka: ƙasa, iska, gangare, da hannun masu gadon.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya san albasar Galmi ya san wuri yana shiga cikin amfanin gona. Muna da jigawa, fadama, laka, amma kowace tana faɗin irin ƙasa ne kawai.

Na fara da "ɗanɗanon ƙasa", sai na ga ta tsaya a baki, ta bar manomi a waje. "Albarkar ƙasa" tana kai hankali ga ma'adinai. "Halin ƙasa" ta yi mini daɗi, amma mai sauraron rediyo zai zaci siyasa ake magana.

Ni dai na tsaya a kan "halin gona". Daji ba ya zama gona sai an sare an nome, don haka mutum yana cikin kalmar, gandun gidansu ma yana ciki. Hali kuwa shi ne abin da ke bin abu duk inda aka kai shi.

Ku gwada a baki: "Wannan inabin halin gonarsa ya fito." 'Yan'uwa na Nijar da kuke jin terwar a bakin malaman gona, da dattawanmu manoma, ko akwai tsohuwar kalma a garinku da ta riga ta ɗauki wannan ma'ana?