Idan motar lantarki ta fara ƙas-ƙas

Na saurari hirar masu Hyundai Kona da Kia Niro na lantarki kan ƙarar da ke fitowa daga gaban motar, ga abin da na tsinta. Kona ɗin nan ce aka ƙaddamar a Legas a 2020, don haka zancen ya shafe mu.

Motar lantarki ba ta da rugugin inji, ƙaramar ƙara ma sai ta cika kunne. Siririn fito idan an taka totur ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne ƙas-ƙas mai bin gudun mota, wanda aka fi ji a tafiyar hankali, musamman da an ɗaga ƙafa daga totur. Yawancin masu motocin boris suke zargi, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ke sauƙaƙa juyawa, ko na injin lantarkin ko na giyabos.

Inda aka fi daɗewa shi ne man giya. Giya ɗaya ce tal, man da take ɗauka kusan lita 1 ne, amma waɗanda suka juye shi da wuri sun tarar ya yi baƙi ƙirin, da garin ƙarfe yana ƙyalli a yatsa. Shawararsu a canza tun motar na sabuwa, a sa noti mai maganaɗisu a wurin juye man ya riƙa kama garin. Ni ma nan na tsaya, domin kuɗin mai bai kai na giyabos ba.

Ka naɗi ƙarar a waya, ka kai kamfani tun garanti bai ƙare ba. Wayoyin wutar motar masu launin ruwan lemo kuwa, wutarsu ta haura volt 300, kada bakaniken da bai koye su ba ya taɓa.